Ruwan Sama Da Haƙƙin Hanya A Shari'ar Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin rani da damina, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Akwai wani hali namu da ya kamata mu tsaya mu dube shi da idon basira. Idan ruwa ya ɗauke, shuka ta fara yaushi, sai mu fita bayan gari da yara da tsofaffi mu yi sallar roƙon ruwa, mu ƙasƙantar da kai ga Ubangiji, Shi kuwa cikin rahamarSa Ya amsa. Amma da marka ta kankama a watan Agusta, sai ka ji mu ɗin nan muna kuka da ruwan da muka roƙa: ya ci katanga, ya shiga ɗaka, ya yanke hanyar masallaci, ya haɗa maƙwabta faɗa har gaban alƙali. To, baƙon da ka aika masa da goron gayyata, ya zo ya tarar ba ka tanadar masa masauki ba, laifin wane ne? Wannan masauki na ruwan sama a titunanmu da lungunanmu shi za mu tattauna a wannan mako, kuma zan ɗauki misali da Sabon Birni da Isa a Jihar Sakkwato, ko da yake maganar ta shafi kowane gari na ƙasar Hausa.

Da farko sai mu rarrabe, domin ruwan da ke damun mutanen wannan yanki iri biyu ne. Akwai ruwan gulbi. Isa tana cikin ƙasar da gulbin Bunsuru da na Gagare suke ratsawa kafin su zama Rima, Sabon Birni kuwa tana gefen Rima ɗin, a yankin da Gulbin Maraɗi yake komowa Nijeriya bayan ya zaga ta Maraɗi da Tsibiri. Idan waɗannan suka cika suka batse, babu lambatun unguwa da zai tare su. Mutanen Sakkwato ba su manta da watan Satumba na 2010 ba, sa'ad da Rima ta yi ambaliya daga wajen madatsar Goronyo, ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta karya gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tsohon garin Maraɗi ma a cikin kwari yake, sai da ambaliyar 1945 ta rushe shi sannan aka koma kan tudu aka sake gini. Maganin irin wannan shi ne a bar wa gulbi fadamarsa, hukuma kuma ta kula da madatsunta. Sannan akwai ruwa na biyu, wanda ya sauka a kan rufinka da rufina, ya bi indararo ya faɗo titi. Wannan ba daga wata ƙasa ya zo ba, kuma mu za a tambaya a kansa.

Mu duba aya ta 18 ta Suratul Mu'minun. A cikinta Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba da labarin cewa da gwargwado Yake saukar da ruwa, sannan Ya zaunar da shi a cikin ƙasa, kuma Yana da ikon tafiyar da shi in Ya so. Ɗaliban Larabci za su lura cewa kalmar da aka fassara da zaunarwa ta fito ne daga tushen nan “sakana”, wanda daga gare shi aka samo “maskan”, wato gidan zama. Ashe ke nan ruwan sama yana da gida, gidan nan kuwa cikin ƙasa ne. Aya ta 21 ta Suratuz Zumar ta ƙara bayani, cewa ruwan nan ne ake shigar da shi ƙasa ya zama maremari. Rijiyar da muke sha a watan Afrilu, ruwan Agustan bara ne da ya sami hanyar shiga.

Magabatanmu ba su karanta ilmin injiniya ba, amma garuruwansu suna da wannan masauki. Inda aka ɗebi ƙasar gini ya zama kududdufi, kuma kowane lungu ya san kududdufin da yake zuba wa ruwa. Tsakar gida rairayi ne, rufi kuwa soro ne ko ciyawa, ga tsamiya da kurna da ɗurumi a ƙofar gida suna karya ƙarfin ruwan kafin ya taɓa ƙasa. Yanzu fa? Rufi ya koma kwano, tsakar gida an shafe ta da siminti daga zaure har bayan gida, titi an zuba kwalta, kududdufi kuwa an cike shi da shara an yanka filoti an sayar. Ba na zargin mai kwano ko mai siminti, kowa yana son gida mai tsabta. Amma a yi lissafi. Ruwa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin da ke da mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, idan aka yi ruwan milimita 30, wanda hadari guda yakan sauke a damina, zai zubo da lita 3,000, wato durom 15, ko jarka 120 irin wadda muke saye a hannun 'yan garuwa da rani. Gida ɗari a unguwa guda sun zubo da lita 300,000 ke nan cikin sa'a ɗaya ko biyu, duk a lungun da faɗinsa bai wuce amalanke biyu ba. Ina zai tafi, in ba ɗakin wanda ya fi kowa zama a gangare ba? Shi kuwa galibi shi ne ya fi kowa talauci.

Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari wani misali da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga game da shiriya da ilmin da aka aiko shi da su. Ya kamanta su da ruwa mai yawa da ya sauka a kan ƙasa iri uku. Ta farko ta sha ruwan ta fid da tsiro mai yawa. Ta biyu ba ta fid da tsiro ba, amma ta riƙe ruwan, mutane suka sha suka shayar suka yi noma. Ta uku kuwa faƙo ce, ba ta riƙe ba, ba ta tsirar ba. Haƙiƙa hadisin nan a kan zukatan mutane yake magana, ba a kan gine-gine ba, kuma ba na son a ce na karkatar da shi. Amma ba a buga misali sai da abin da kowa ya yarda da shi, wato ƙasa mai sha da ƙasa mai riƙewa su ne abin yabo, faƙo kuwa abin zargi. Mu kuma ga shi da kuɗinmu da guminmu muna mai da garuruwanmu faƙo.

Sai mu zo ga hukunci. Hanya a shari'a ba mallakar wanda ƙofarsa ke kallonta ba ce, ta Musulmi ce baki ɗaya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya, kamu bakwai ake bar mata. Ya tabbata cewa kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma reshe ne na imani, har an gafarta wa wani mutum don ya janye reshen ƙaya daga kan hanya. In kuwa haka ne ladan mai kawarwa, mai ɗorawa fa? Ga abin da muke gani kowace shekara. Malam wane ya ga ruwa yana barazana ga zaurensa, sai ya sayo tifa biyu ta marmara ya tada ƙofar gidansa, ya gina dakali ya ci rabin lungu. Ruwan bai ragu da ko cokali ɗaya ba, ya dai koma gidan da ke fuskantarsa. Shi ma wancan in yana da hali sai ya tada nasa fiye da haka. A ƙarshe gwauruwa mai marayu da ke ƙarshen lungu ita za ta kwana tana kwalfe ruwa da ƙwarya. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wadda ta hana cutarwa da ramuwar cuta, ba ta bar wa mai wannan aiki wata mafaka ba, ko da kuwa da halalinsa ya sayi marmarar.

Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki wannan ƙaramar magana ba. Shehu Halil a Muhtasar, a babin matacciyar ƙasa, ya lissafa wurin da indararo ke zuba cikin harimin gida, wato filin da ke kewaye da abu wanda amfaninsa ba ya cika sai da shi, kamar yadda rijiya take da nata harimi. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi musamman a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin harimi da hurumin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. A Tunis kuma, a ƙarni na takwas na Hijira, an yi wani magini masanin fiƙihu, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya tattara su a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Cikin abin da ake koya daga gare shi akwai bambanci tsakanin ruwan sama da ruwan ƙazanta: na farko rahama ce da ake yi wa hanya, na biyu cuta ce da ba a yarda mutum ya sakar wa jama'a ba. A kan wannan ma'auni, kududdufin da unguwa ta dogara da shi tun kakanni yana da hukuncin abin amfanin jama'a, kuma a ganina wanda ya cike shi ya sayar, da wanda ya sa hannu a takardar, sun sayar da abin da ba nasu ba.

Kada kuma a zarce a ce indararo kansa haramun ne. Imamu Ahmad ya kawo labarin indararon Abbas, baffan Annabi, wanda ke zuba a kan hanyar Sayyidina Umar ta zuwa masallaci. Wata Juma'a ya zubo masa ruwa gauraye da jinin yanka, sai Umar ya sa aka cire shi. Abbas ya gaya masa cewa Manzon Allah ne da kansa ya sa shi a wurin. Nan take Umar ya rantse sai Abbas ya taka bayansa ya mai da indararon inda yake. Dubi Halifa guda ya duƙa a kan maganar indararo! Akwai kuma hukuncin da Annabi ya yanke a kan kwaruruwan Madina biyu, Mahzur da Muzainib, wanda ke cikin Muwaɗɗa: na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. A can ruwan ban gona ne, kowa sonsa yake. A cikin gari kuwa gudunsa ake, amma asalin ɗaya ne, wato na tudu da na gangare kowa yana da haƙƙi a kan ɗan'uwansa. In na tudu ya riƙe rabonsa ya shayar da ƙasarsa, abin da zai isa gangare ba zai yi ɓarna ba.

Abin sha'awa shi ne, injiniyoyin manyan ƙasashe, bayan sun shekara fiye da ɗari suna gina magudanun kankare don su kori ruwa da sauri, yanzu wannan ra'ayi suka komo. Sun gane cewa kankare ba ya rage ruwa, gaggauta shi kawai yake yi zuwa kan na gaba. Birnin Filadelfiya na Amurka ya fara wani shiri na shekara 25 a 2011, na haƙa ramukan itatuwa da ƙananan lambuna a gefen tituna don su sha ruwan sama. Ƙasar Sin ta zaɓi birane 16 a 2015 don gwajin abin da suka kira birni mai kama da soso. Ba tsafi ba ne, domin ruwan da ya sauka a birnin Zhengzhou a Yulin 2021 ya fi ƙarfin duk wani tanadi, mutane da yawa suka rasu. Amma ruwan yau da gobe, wanda shi ne ke cin katangunmu, wannan dabara tana maganinsa. Mu ma ba sai mun je Sin ba. Tsallaken iyaka kaɗan, manoman jihar Tawa sun daɗe suna haƙa tassa da rabin wata a kan faƙo, su tare ruwa har ƙasar da ta mutu ta yi gero. Manoman Maraɗi kuwa, tun daga shekarun 1980, suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke, har masu bincike suka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a Nijar. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni dangi ne, abin da ya yiwu a gonar wancan zai yiwu a titin wannan.

Yaya ake yinsa? Mu yawanci idan mun dasa itace a ƙofar gida sai mu tara masa ƙasa a gindi, mu kewaye shi da bulo, ruwan titi ya bi ta gefensa ya wuce, mu kuma mu riƙa ɗebo na rijiya muna ba shi. Juya abin za a yi. A sa gindin itacen ya fi titi zurfi da kamar taƙi ɗaya, a faɗaɗa ramin gwargwadon yadda hanya ta ba da hali, a gauraya ƙasarsa da yashi da taki, a bar masa baki ta wajen tudu inda ruwa zai shiga, da wani bakin ta gangare inda rarar za ta fita zuwa rami na gaba. A zuba tsakuwa a mashigar don kada ruwa ya ƙwaƙule ta. Idan aka jera irin waɗannan a gefen titi, kowane rami ya sha rabonsa, to ga hukuncin idon sawu nan a aikace. Lambatu kuma ba dole ne ko'ina ya zama na kankare mai zurfi ba. Inda fili ya samu, a yi shi mai faɗi marar zurfi, a dasa jema ko gamba a gefensa, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa, ganyensu yana rage gudun ruwa yana tace laka. Kwalbati da kankare suna da wurinsu, a mahaɗar tituna da bakin kasuwa da tasha, amma ƙarshensu ya zama kududdufi ko fili mai ciyawa, kada ya zama bayan gidan wani. A cikin gida kuma, mai shafe tsakar gida ya bar ko da kashi ɗaya cikin uku ba siminti, ya kafa durom ko tanki a ƙarƙashin indararo, ya rufe bakinsa.

Akwai sharuɗɗa, kada gyara ya zama ɓarna. Ƙasar jigawa tana shan ruwa da sauri, ta laka irin ta bakin fadama kuwa ba ta sha, saboda haka kafin a yi aiki a haƙa ɗan rami mai zurfin ƙafa ɗaya a cika shi da ruwa a gani. In ya kwana ya wuni bai tsotse ba, wurin ba na rami ba ne, hanya za a yi wa ruwan ya wuce. Dalili kuwa sauro yana bukatar kamar mako guda a cikin ruwa kafin ya tashi, don haka ramin da ke shanyewa cikin kwana ɗaya ko biyu ba ya haifar da shi, lambatun da leda ta toshe shi ne gidansa. A nisanta ramin daga gindin katanga da kamar mita 3, balle ginin ƙasa, a kuma nisanta shi daga masai da bakin rijiya. A zaɓi itacen da ya dace: dogonyaro yana da inuwa da jure fari amma ba ya son ruwa ya kwanta masa, bagaruwa da giyayya su ne masu jure wannan a bakin kududdufi. Sai awaki, waɗanda duk mai dashe a ƙasar nan ya san su, dole a yi wa dashe shinge na shekara biyu. Ruwan wanka da na wanki kuma a haƙa masa rami a cikin gida. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan ƙazantar da mashaya da tsakiyar hanya da inuwa, kuma wanda ya jira hadari ya haɗo sannan ya juye shararsa a lambatu don ruwa ya kai wa na gaba, ya haɗa biyu daga cikin ukun nan a aiki guda.

Wani zai ce, Malam, ruwa ai na Allah ne, abin da Ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, amma ba mu fi Sayyidina Umar imani da ƙaddara ba. A shekara ta 17 bayan Hijira ambaliyar da ake kira ta Ummu Nahshal ta shiga Masallacin Makka har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Umar ya zo da kansa ya mai da shi, sannan ya sa aka gina madatsa a saman gari don ta karkatar da ruwa. Ɗakin Allah ne fa, amma bai ce Mai ɗaki zai tsare abinSa ya naɗe hannu ba.

Wani kuma zai ce, mutanen Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga suka hana barci, suka raba su da gonakinsu, su za a yi wa maganar lambatu? Wannan magana tana da nauyi, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Amma a lura, wannan musibar ce ta koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin garuruwan nan, kuma baƙo ba ya samun tudu, sai gangare da bakin kududdufi da kangon da aka bari. Wanda ya tsere wa bindiga da 'ya'yansa bai kamata katanga ta faɗo musu da tsakar dare ba, ko amai da gudawa ya ɗauke su saboda ruwan titi ya haɗu da masai ya shiga rijiya. Wannan kuwa yana cikin ɗan abin da ke hannunmu, ba sai an jira soja ba.

Aikin na kowa ne gwargwadon matsayinsa. Hukuma ita ke da ikon hana yanka filoti a kan kududdufi da hanyar ruwa, kuma idan za ta ba da kwangilar titi, ta sa ramukan itatuwa da mafitar ruwa cikin takardar tun farko. Uban ƙasa da masu unguwanni sun san inda ruwa yake bi tun kafin a haifi injiniyan, a tambaye su. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa dakalin da ya tura wa maƙwabci ruwa zalunci ne, masallatai kuma su fara da kansu, ruwan alwala da ke malala a titi a juya shi gindin itace. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa duk dashen da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, saboda haka matasan da ke neman aikin lada ga gayya ta samu. Lokacin haƙa da yashe lambatu shi ne rani, daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko. Dashe kuwa sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin kaka.